Yinin da Patron Ya Riƙe Bakinsa

A shagonmu ba wanda ake kira da sunan da aka yanka masa rago. Fo Komlan mai shagon, wanda muke ce wa Patron, shi yake raɗa wa kowa suna ranar da ya ɗauke shi aiki, kuma sunan ya bi ka ke nan har ka bar wurin. Ni Mounira, "ma grosse" yake ce mini, wai lukutarsa, a gaban masu saye, a gaban 'yan dako, a gaban kowa. Malam Salifou mai gadi, dattijon da gemunsa ya yi fari fat, wanda yake jan 'yan dako salla a bayan sito, shi ne "mon petit", wai ɗan ƙaraminsa. Safiatou kuwa, da yake Allah ya yi ta doguwa mai fara'a, ita ce "ma chérie", wai masoyiyarsa.

Kada ku ɗauka mugu ne. Da mugu ne da abin ya zo mana da sauƙi, mu tsane shi mu huta. Ranar da Sabitu mijin Safiatou ya yanke jiki ya faɗi a tashar manyan motoci, Patron ne ya sa shi a motarsa ya kai shi asibiti a Tokoin, kuma da ya rasu ya zo har unguwarmu Zongo zaman makoki, ya zauna a tabarma yana share hawaye da hankici. Bakinsa ne dai ba linzami. In ka ɓata rai sai ya ware hannuwa ya ce, "Ici on est en famille," wato nan duk gida ɗaya muke. Gida ɗaya, amma shi kaɗai yake da ikon raɗa suna. Ban taɓa jin wanda ya ce masa mai tumbi ba, kuma tumbin yana nan.

Shagon yana Adawlato, gefen babbar kasuwar Lomé. Kuloli da tukwane da faranti muke sayarwa a kan sari, kuma yawancin masu sayenmu fataken Nijar ne, shi ya sa yake ɗaukar 'yan Zongo saboda Hausa. Ni da Safiatou gida ɗaya muke haya, ƙofarta tana kallon tawa. A ɗakin nan nata su uku ne: ita, da tsohuwarta da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, da 'yarta tilo Zahida, yarinyar da ta fara miƙewa, ta kusa gama firamare.

Safiatou ba ta daɗe da fita takaba ba saƙo ya zo daga Tahoua ta Nijar. Alhaji Yacouba, wan marigayi, yana tafe Lomé ɗaukar kayansa a tashar jiragen ruwa, kuma in zai koma zai tafi da 'yar ƙaninsa. Ranar da saƙon ya zo, tuwon da ke kan wuta ƙonewa ya yi. Na tarar da ita zaune a bakin ƙofa, muciya a hannu, hayaƙi ya cika tsakar gida ba ta ma sani ba.

Muka je wurin limamin unguwa. Ya ce a shari'a riƙon 'ya mace na uwarta ne, sai fa in an ga abin da zai taɓa tarbiyyar yarinyar. Da Alhaji ya iso aka zauna a zauren liman, shi ma bai musa ba. Mutum ne siriri, mai sanyin murya, irin waɗanda ba sa ɗaga ido in suna magana da mace. Ya ce bai zo raba uwa da 'ya ba. Amma labari ya iske su a Tahoua cewa matar ƙaninsu tana wuni cikin maza a kasuwa, kuma yarinyar ma can take ƙarasa yininta. Zai zo da ƙafarsa ya ga wurin ranar Laraba. In ya ga abin da hankalinsa ya kwanta da shi, Zahida ta zauna da uwarta. In bai gani ba, kada a ce ya yi zalunci.

Muna fitowa Safiatou ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi.

"Yaya Mounira, bakin Patron," ta ce. "Wallahi bakin Patron zai kashe ni."

Na ce ta ƙi zuwa aiki ranar mana. Ta ce in Alhaji ya zo bai same ta ba, ai ta nuna akwai abin da take ɓoyewa. Na ce to mu kai shi wani shagon, ga na Hajiya mai atamfa, mu ce can take aiki. Ta dube ni kamar na zare. Rabin fataken da suke saye a wurinmu mutanen garinsu ne, wa za a rufe wa baki?

Saura hanya ɗaya, a roƙi Patron. Kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan a duk labarin nan, wai sai an roƙi mutum kafin ya kira ka da sunanka.

Washegari da safe, kafin masu saye su fara shigowa, muka same shi a sito yana duba kwalayen da aka sauke. Safiatou ta yi ta kewaye-kewaye, ta gaishe shi, ta sake gaishe shi, ta tambayi lafiyar madam da yara. Sai da na zungure ta sannan ta faɗi abin da ya kawo mu.

Ya yi dariya har yana dafa kwali.

"Mais ma chérie, wannan ai ƙauna ce! Sabitu ma yana ji ina faɗa, bai taɓa cewa komai ba."

"Bai taɓa cewa komai a nan ba, Patron," in ji ni. A gida kam ya sha faɗa, ta bango nake jin su.

Fuskarsa ta canza. Ya ji ciwo, ciwo na gaske, irin na wanda ya yi kyauta aka mayar masa. Ya ce shi da ya ɗauke mu kamar ƙannensa, yau shi ake cewa ya gyara bakinsa a cikin shagonsa? Ya ce mutanen Zongo akwai wuyar sha'ani. Ya juya zai fita.

Sai Safiatou ta durƙusa. A kan simintin sito, cikin ƙurar kwali da igiyoyin leda, ta sa gwiwoyinta biyu a ƙasa ta kama bakin wandonsa. Matar da ko a gaban liman ba ta zubar da hawaye ba.

"Patron, don Allah, yini ɗaya. Laraba kawai. In aka tafi da 'yar nan ban san me zan tashi in yi da safe ba. Ba zan iya bin ta ba, wa zan bar wa tsohuwa? Daga Alhamis ka kira ni duk abin da ka ga dama, zan amsa."

Ya rikice, ya shiga ɗaga ta.

"Tashi, tashi, ma chérie, haba! Bon. Me kike so in ce?"

Nan ma aka sha fama. Ya ce zai ce Hajiya, muka ce ba ta je Makka ba, Alhaji zai ji ƙarya. Ya ce Madam Sabitu, ta ce a bar sunan mamaci ya huta. A ƙarshe aka tsaya a kan Maman Zahida. Ya yi ta maimaitawa yana kaɗa kai kamar ɗan makaranta, aka kuma ɗora mini aikin yin tari duk lokacin da na ga bakinsa zai zame. Malam Salifou da ke jinmu daga ƙofa ya leƙo ya ce, tun da ana rabo, ko shi ma za a cire masa "mon petit" na yinin? Patron ya ce, "Kai kuma wa zai ɗauke maka 'ya, mon petit?" Malam ya koma kan bencinsa.

Ranar Talata Safiatou ba abin da ba ta shirya ba. Ta goge dogon hijabinta mai ruwan toka. Ta roƙi 'yan dako kada wanda ya yi mata wasa. Ta sa aka juya kalandar da ke bango, mai hoton mata a bakin teku. Sannan ta kawo dabarar da ita da ni muka ɗauka ita ce babban makaminta. Makarantar Zahida tana kusa da kasuwa, kuma ran Laraba da rana ake tashinsu. Ta ce yarinyar ta zo shago kamar kullum, da kayan makaranta da hijabinta, ta zauna bayan kantar shagon ta buɗe littafi. Alhaji ya ga da idonsa cewa karatu take yi, ba yawon kasuwa ba. Na ce wannan dabara ta yi.

Laraba ta zo. Alhaji Yacouba ya iso da hantsi, da carbinsa da 'yar jakarsa. Patron ya tarbe shi hannu biyu-biyu, ya ba shi kujerarsa ta kansa a gaban fanka, ya aika aka sayo masa ruwa mai sanyi. Sannan ya juya ya ƙwala kira, da murya kamar mai shela:

"Maman Zahida! A kawo wa Alhaji kular nan mai zanen zinariya ya gani!"

Na saci kallon Safiatou. Tun da muka fara aiki a wurin ban taɓa ganin ta taka ƙasa haka ba, kanta a sama. Abin dariya abin kuka, suna kawai aka kira.

Ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sau ɗaya ya fara, "Ma ché..." na yi wani tari da sai da Alhaji ya ce mini sannu, Patron ya lanƙwasa ya koma "Maman Zahida". Ni dai "ma grosse" ɗina yana nan daram, ba wanda ya roƙa mini. Alhaji ya ji, ya ɗan dube ni, ya mai da ido kan carbinsa. Yana zaune yana kallon yadda fatake suke shigowa su gaisa da Safiatou cikin mutunci, yadda take ciniki daga bayan kanta ba ta haɗa hannu da kowa. Da azahar ya bi Malam Salifou salla. Da ya dawo har ya tambayi farashin tukwane, ya ce wa Safiatou, "Ashe aikin naku ba laifi."

Ta shigo sito ta same ni.

"Yaya, kin ji? Ya ce ba laifi. Kin ji da kunnenki?"

Na ce na ji, ta je ta wanke fuska kada ya ga ta yi kuka.

Ba a jima ba Zahida ta shigo da sallama, jaka a baya, hijabi fari tas. Ta je ta durƙusa ta gai da baffanta, ya dafa kanta yana murmushi, ya tambaye ta karatu. Ta miƙe za ta wuce bayan kanta. A daidai nan Patron ya fito daga ofis, ya gan ta, fuskarsa ta washe.

"Ah! Ma petite femme est arrivée!"

Amaryarsa ta iso, in ji shi. Ya zaro alewa daga aljihu ya ɗaga sama. "Ga sadakina na yau. Yaushe za ki tare?"

Ita kuma yarinya ta yi abin da take yi kullum. Ta riƙe ƙugu, ta karkata kai, ta ce, "Bai isa ba, mon mari, mijina, sai ka ƙaro mota." Ya kwashe da dariya, ya ja kumatunta, ya sa mata alewar a hannu.

Tun tana 'yar mitsitsiya suke wannan wasan, tun Safiatou tana zuwa da ita a goye. Kullum sai an yi shi, kamar gaisuwa. Mun zauna mun tsefe komai na shagon nan, har kalandar bango, amma ba wanda ya tuna da shi, don kunnuwanmu sun daɗe da daina jinsa. Ban ma yi tari ba. Sai da na ga carbin Alhaji ya tsaya cak a hannunsa sannan na ji abin da aka faɗa.

Patron ya dubi Alhaji, ya dubi Safiatou da ta dafa kanta kamar za ta faɗi, ya gane an yi ɓarna. Da ya yi shiru a nan, wataƙila da an samu abin kamawa. Amma mutumin kirki ne, sai ya ce bari ya gyara.

"Alhaji, wasa ne! Nan duk gida ɗaya muke. Uwar ma ai ma chérie nake ce mata kullum, ba komai a ciki. Yau ne kawai na bari, don ta roƙe ni saboda zuwanka. Har ƙasa ta durƙusa, la pauvre, baiwar Allah. Ka ga kuwa na cika alkawari!"

Ya juyo yana dubanmu, yana jira a yaba masa.

Alhaji ya mai da carbinsa aljihu. Ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya yi wa Patron godiyar ruwa. Ya miƙa wa Zahida hannu ya ce ta zo su wuce gida tare. Yarinyar ta dubi uwarta, alewar tana hannunta. Safiatou ta gyaɗa mata kai.

Bayan la'asar aka sake zama a zauren liman. Ni na raka ta. Tun kafin a ba ta izini ta fara magana, kalmomin suna rige-rigen fita.

"Yaya Alhaji, wallahi wasa ne. Mutumin nan bai taɓa yi mini maganar banza ba, bai taɓa taɓa ni ba. Ka tambayi kowa a Adawlato. Haka bakinsa yake."

"Na sani," in ji Alhaji. "Ban zarge ki da komai ba, Safiatou. Shi ma ban zarge shi ba. Wasan nan mu ma muna yinsa, ni kaina amarya nake ce wa jikata. Amma ni kakanta ne, in ta gaji ta ture ni ta gudu. Wannan fa? Abincin gidanku a hannunsa yake. Yarinya tana girma, yau ko gobe wasan zai fara yi mata nauyi. Ranar nan wa za ta gaya wa? Ke, da kike babba, sai da kika sa gwiwa a ƙasa kafin ya ba ki aron sunanki na yini ɗaya."

Abin da ya ƙona mini rai shi ne bai yi ƙarya ba ko ɗaya.

"Zan bar aikin," ta ce. "Yau ɗin nan. Ba zan sake taka shagon ba."

"Ku ci me? Maganin tsohuwa fa?"

"Zan yi talla. Zan yi wankau. Zan hana ta zuwa shagon, daga makaranta sai gida, Yaya Mounira shaida ce."

"Ta dawo Zongo ita kaɗai a bayan zemijan mai babur ɗin haya, ta wuni da marar lafiya har ki dawo da magariba?"

Duk ƙofar da ta nufa sai ta tarar ya riga ta rufewa, kuma a hankali yake rufewa, ba tsawa ba zagi. Ta juya ga liman. Liman ya ce shi da a ce zargi aka kawo da ya kore shi, amma wannan abu ne da baffan yarinya ya gani da idonsa, kuma mai shagon ya faɗa da bakinsa. Ya ce a yi haƙuri, Tahoua ba lahira ba ce, ana zuwa ana dawowa.

Safiatou ta rarrafa ta kama ƙafar Alhaji. Gwiwoyin nan dai da suka sha simintin sito. Ta ce ya bar mata ita ko zuwa ƙarshen shekarar karatu, ko zuwa salla, ko wata guda. Ya janye ƙafarsa a hankali, idonsa ya yi ja, ya ce motarsu za ta tashi ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

A hanyar gida na ce mata mu je kotu, ai ƙasar da hukuma. Ta ce ta kai wan mijinta gaban alƙalin gwamnati, sannan ta dawo ta zauna a Zongo da wane ido? Kuma in alƙali ya kira shaida, wa za a kira in ba Patron ba?

Ran Alhamis ba ta je aiki ba. Ni na je, don wani sai ya je. Patron ya tare ni tun daga ƙofa, duk ya damu, yana tambaya ko an daidaita. Na ce an daidaita, za a tafi da yarinyar gobe. Ya zauna daɓas a kan kwali, ya ce shi bai gane ba, me ya yi? Ya ce zai je ya sami Alhajin ya yi masa bayani. Na ce don girman Allah ya bar bayani haka, wanda ya yi ya isa.

Ran Juma'a da rana na fito na tarar da su a tsakar gida. Safiatou tana kan kujera 'yar tsugune, Zahida a ƙasa tsakanin ƙafafunta, ana kitso. Ƙanana take yi mata, masu tsauri, irin waɗanda suke daɗewa ba su tsufa ba, don ba ta san hannun da zai tsefe su ba. Jakar yarinyar tana jingine da bango, an ɗaure bakinta da igiya. Daga cikin ɗaki tsohuwa tana ta kiran sunan jikarta da harshenta da ya karye, ba wanda ya gaya mata tukuna. Na zauna ina miƙa man kitso.

Can Zahida ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Mama, don na ce masa mon mari ne?"

"Ba laifinki ba ne."

"To da me ya kamata in ce masa?"

Hannun Safiatou ya tsaya a cikin gashin. Ta dube ni. Na san amsa take nema a fuskata, ni da na girme ta, ni mai bakin da ba ya mutuwa. Na laluba ban samu ba. Shekara da shekaru ana kirana lukuta a gaban jama'a, kuma kullum "Oui, Patron" nake cewa.

Yarinyar tana jira. A waje aka ji mota ta tsaya, aka yi sallama da muryar Alhaji.

Safiatou ta share ido da gefen zanenta, ta kama sauran gashin da bai kitsu ba.

"Juyo da kanki," ta ce. "Saura kaɗan."